Ɓeran da ya tona asirin mura



Kwanaki ƙanena ya turo min wani saƙo a WhatsApp, wai Turawa na canza halittar ɓeraye don ƙirƙiro cututtuka. Na ce masa, "Ƙanena, canza halittar kam ana yi, amma ka san dalili?" Shiru. To yau dalilin za mu duba.

Idan ƙwayar cutar mura ta shiga hanci ko huhu, ƙwayoyin jikin da ta kama suna fitar da wani sinadari, intaferon. Ku ɗauke shi kamar mai gadin unguwa da ke hura usur in ɓarawo ya hauro katanga, maƙwabta su farka su kulle ƙofa. Ita kuma ƙwayar mura tana da wani makami mai suna NS1, aikinsa toshe bakin mai gadin.

Ya aka yi aka tabbatar? A 1998, Adolfo García-Sastre da abokan aikinsa a New York suka cire wa ƙwayar NS1 ɗinta. Aka sa wa ɓeraye lafiyayyu, ba ta kashe su ba. Sai aka sa wa ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gado mai suna STAT1, wadda ke sa jiki ya ji ƙarar usur ɗin. Su kam ta kashe su. Kun gane? Inda babu mai jin usur, ɓarawo bai buƙatar toshe bakin kowa. Wannan gwajin ba a isa a yi shi a kan ɗan Adam ba.

Ga korona ma. Ƙwayarta ta farko ba ta iya kama ɓera sosai, saboda ƙofar da take bi, ACE2, ta ɓera ta bambanta da tamu. Amma tun 2007 masana a Jami'ar Iowa da ke Amurka suka samar da ɓeraye masu ɗauke da ACE2 ta mutum, don nazarin cutar SARS. An daskarar da maniyyinsu a Jackson Laboratory, da annoba ta ɓarke a 2020 aka sake haifo su, aka riƙa gwada rigakafi da magunguna a kansu.

Sai dai fa ɓera ba mutum ba ne. A irin waɗannan ɓerayen cutar kan haye ƙwaƙwalwa fiye da yadda take yi wa mutane. Don haka in kun ga labari wai magani "ya yi aiki", ku tambaya: a jikin ɓera ko a jikin mutum?

Wannan tambayar na roƙi ƙanena ya riƙa yi kafin ya tura saƙo gaba, kuma ita nake roƙonku. Ku ajiye min ra'ayinku a ƙasa. Sai mako na gaba.