Karen Ruwa da Sil: Bambancinsu da Hikimar da ke Cikinsa



Maƙasudin wannan takarda shi ne a rarrabe tsakanin dabbobi biyu waɗanda mai hange daga nesa yakan ɗauka abu guda ne, alhali kuwa akwai rata mai nisa a tsakaninsu, watau karen ruwa, wanda masuntan Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi suka sani, da kuma sil, wadda galibin mazauninta tekuna ne masu sanyi. Karen ruwa ɗan dangin dage ne, ire-irensa 13, na sil kuwa sun haura 30. Dukkansu suna shaƙar iska, suna shayar da 'ya'yansu nono, saboda haka mas'ala ɗaya ce ta fuskance su: ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba. Hujjar da nake kafawa ita ce, daga hanyar da Mahalicci ya hore wa kowannensu ta tsare ɗumin nan sauran bambance-bambancen suka samo tushe.

Shi karen ruwa gashi aka ba shi. Irin da ke zaune a arewacin tekun Pasifik, daga Alaska zuwa Kalifoniya, ya fi kowace dabba cunkoson gashi, har yakan kai sili 150,000 a murabba'in santimita guda, iskar da ke maƙale a cikinsa kuwa ita ke hana ruwa taɓa fata. Da yake ba shi da kitsen ajiya, tilas ya yini yana gyaran gashin, ya kuma ci abin da ya kai rubu'in nauyinsa kullum. Bai isa ya yi nisa da gaɓa ba, bai kuma isa ya yi doguwar yunwa ba. Don haka aka bar masa ƙafafu huɗu da doguwar wutsiya, har na kogunanmu marar farata yakan laluba ƙaguwa a ƙarƙashin duwatsu da yatsunsa, na teku kuwa yakan fasa ƙwanso da dutse a bisa ƙirjinsa.

Ita kuwa sil, madogarar mafi yawan ire-irenta kitse ne mai kauri a ƙarƙashin fata, wanda ya zame mata mayafi da guzuri gaba ɗaya, wanda kuma matsin zurfin ruwa ba ya rage amfaninsa kamar yadda yake matse iskar da ke cikin gashi. Shi ya sa sil mai hanci irin na giwa, wadda namijinta ke kai kilo 4,000, take nutso fiye da mita 2,000, ta kusa sa'a biyu ba ta numfasa ba. Ƙafafunta sun zama filafilai, wutsiyarta ta gajarce, har wasunsu da rub da ciki suke jan jiki a tudu, ga shi kuwa a tudu ko bisa ƙanƙara suke haihuwa.

Fa'idar wannan ilmi tana bayyana ne wajen kiyaye su. Gashin da ya rayar da karen ruwan teku shi ya jawo masa halaka, domin tun daga tafiyar wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Bering a 1741 'yan kasuwar fatu suka dinga kashe shi har ya kusa ƙarewa, sai yarjejeniyar 1911 tsakanin Rasha da Japan da Ingila da Amurka ta taka musu burki. Da jirgin Exxon Valdez ya malalar da ɗanyen mai a Alaska a 1989, dubbai suka mutu, saboda mai yana manne gashi, sanyi ya shiga. Rauninta ita sil yana wajen haihuwa, inda takan taru wuri guda: a Ras Nuwadibu na gaɓar Muritaniya, wata masifa a 1997 ta kashe wajen sulusi biyu na garken da ke can.

Shawarata ga hukumomi da sarakunan ruwa ita ce, tun da rabonmu a nan karen ruwa ne, a hana zuba guba don kamun kifi, a bar ciyayin bakin kogi inda yake raminsa, a kuma sanya ɗalibai su ƙididdige inda ya saura, domin dabbobi amana ce da za a tambaye mu a kanta. Allah ya sa mu dace.