Ƙaramar Kwaleji da Renon Itatuwa a Ƙasar Kalmalo



Duk wanda ya san Kalmalo, kusa da Illela, ya san tafkinta ne arzikinta: ga kifi, ga noman rani, ga mashayar dabbobi. Ruwansa daga ƙoramar Majiya yake gangarowa, ta ƙasar Nijar. Farin 1973 da na 1984, da madatsun da aka gina a wajen Birnin Kwanni, sun rage shi ƙwarai. Wannan magana ce ta gwamnatoci biyu. Amma iskar da ke kwashe ƙasar gona, tana yaye kwanon azuzuwa, shugaban makaranta yana da abin yi a kanta.

Galibi in an ce wa shugaban ƙaramar kwaleji ya dasa itatuwa, sai ya ce babu kuɗi a kasafi. Gaskiya ne, babu. To, amma a dubi kwarin Majiya ɗin kansa. Daga 1975 ƙungiyar CARE da manoman wajen Buza suka dasa dogonyaro layi bibbiyu don tare iska, amfanin gero ya ƙaru a bayan layukan. 'Ya'yan dogonyaro kuwa, yara tattake su suke yi a harabar makarantunmu.

A ƙasar Maraɗi abin ya fi haka araha. Tun wajen 1983 manoma suka kama abin da suke kira sassabin zamani, watau in kututturen kalgo ko sabara ko gawo ya yi toho, ba a sare shi duka. Sai a bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran. Saiwar tana nan da ranta, ba ta bukatar ban-ruwa. Ta haka itatuwa suka dawo a hekta wajen miliyan 5 a Nijar. Gonar makaranta fa, ba kututture a cikinta?

Inda muke faɗuwa shi ne bikin dashe. Babban baƙo ya zo da damina, ya dasa, a tafa, a ɗauki hoto. Kafin bazara awaki sun gama aikinsu. A ganina gara a ba kowane aji itace goma, su kewaye su da ƙaya, su tara ruwan alwala a gwangwani su riƙa zubawa, malamin aji yana ƙirga masu rai a ƙarshen zango. Batun awaki kuwa, sai shugaban makaranta ya taka da ƙafarsa zuwa wurin maigari tun kafin a saki dabbobi da kaka.