Ruwan Sha: Darasin Da Kurkunu Ya Bari

(Jawabi domin karantawa a ajin yaƙi da jahilci da wuraren taruwar jama'a)

 

Jawabin wannan wata a kan ruwan sha ne. Babu gidan da ba a shan ruwa safe da yamma. Ta cikin ruwan nan kuwa cututtuka da yawa suke bi su shiga gida. Amma mutanen karkara sun taɓa toshe wa wata babbar cuta wannan hanya da hannunsu, har ta ɓace daga Nijeriya. Cutar ita ce kurkunu.

Yadda Kurkunu Yake

Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, sai dai su tambayi kakanninsu. Tsofaffi da yawa har yau suna da tabonsa a ƙafa.

Kurkunu tsutsa ce fara, siririya kamar zare. Tsawonta yakan kai mita 1. 'Ya'yanta suna zama a cikin wasu ƙananan ƙwarin ruwa, waɗanda da ƙyar ido yake ganinsu. Ana samun ƙwarin a kududdufi da tafki, inda ruwa yake kwance ba ya gudu. Mutum ya sha ruwan, ya haɗiye su bai sani ba. Ba zai ji komai ba sai bayan kamar shekara guda. Daga nan sai ƙafarsa ta yi bororo, ta riƙa zogi kamar wuta. Bororon ya fashe, tsutsa ta leƙo.

Mai ciwon yakan tsoma ƙafa a ruwa don ya ji sanyi. Nan take tsutsar za ta zuba dubban 'ya'yanta a ciki. Daga baya mata su zo su ɗebi ruwan su kai gida. Baɗi war haka ciwo ya sake kama wasu.

Kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwayar magani. Sai dai a naɗe tsutsar a jikin tsinke, a riƙa jan ta kaɗan-kaɗan, makonni da yawa. A arewa ya fi fitowa da damina. Manomi yana kwance a zaure, ciyawa tana cinye masa gona. Yaro ya kasa zuwa makaranta. Uwa ta kasa girki. Kaka ta zo, rumbu babu komai.

Yadda Aka Yi Nasara

A shekarar 1988 an bi ƙauyukan Nijeriya an ƙidaya masu kurkunu. An samu mutum fiye da 650,000 a ƙauyuka fiye da 5,000. Gwamnati ta tashi tsaye. Cibiyar tsohon shugaban Amurka, Jimmy Carter, ta ba da taimako. Tsohon shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon shi ma ya yi ta zagaya ƙauyuka yana wa'azin tsabtar ruwa.

To, amma babban aikin a cikin gida aka yi shi. Da can mutane da yawa sun ɗauka kurkunu a jini yake, ko kuwa sammu ne. Da suka gane a ruwa yake, sai suka sake hali. Mata suka riƙa ɗaura ƙyallen tacewa a bakin randa kafin su zuba ruwa. Aka hana mai kurkunu shiga kududdufi, wani ne zai ɗebo masa. A kowane ƙauye aka samu mai aikin sa kai, yana rubuta sunan wanda ciwon ya kama, yana wanke masa ƙafa ya ɗaure. Ma'aikata suka zuba maganin kashe ƙwarin a kududdufai. Aka kuma haƙa rijiyoyi.

An ga mutum na ƙarshe mai kurkunu a Nijeriya a watan Nuwamba na 2008, a Jihar Enugu. A watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ciwon ya ƙare a Nijeriya. A wannan shekarar ta tabbatar wa Jamhuriyar Nijar haka. A shekarar 2024 waɗanda ya kama a duk duniya ba su kai mutum 20 ba. Wasu daga cikinsu a maƙwabciya Chadi suke. Saboda haka duk wanda ya ga tsutsa tana fitowa daga jikin mutum, ya hanzarta sanar da ma'aikacin lafiya.

Cutar Da Ta Rage

Kurkunu ya tafi, amma gudawa tana nan. Ita ma ta ruwa da abinci take shiga. Ƙananan yara ta fi kashewa. Mafi muni ita ce amai da gudawa, wato kwalara. A shekarar 2021 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu. Jihohin Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin waɗanda ta fi yi wa ɓarna.

Ƙwayoyin wannan cuta daga kashin mutum suke fitowa. Mutum ya tsuguna a bayan gari ko a bakin rafi. Ruwan sama ya sauka, ya kwashe ƙazantar ya kai rijiya. Ƙuda ya sauka a kan kashi, ya tashi ya sauka a kan tuwo. Hannun da bai ga sabulu ba ya shiga randa.

A nan akwai abin lura. Ƙwayoyin gudawa sun fi ƙwarin kurkunu ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ido ba ya ganinsu ko kaɗan, kuma suna iya wucewa ta ƙyalle. Ruwa yana iya zama garai-garai alhali da cuta a ciki. Alif yana kwantar da laka, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Don haka tacewa kaɗai ba ta isa ba.

Abin Da Kowane Gida Zai Yi

Na ɗaya, a tace ruwan sha, sannan a tafasa shi. A bari ya tafasa sosai na minti 1. In itace ya yi wuya, a nemi maganin tsabtace ruwa a ɗakin shan magani. A zuba daidai yadda aka rubuta, a jira minti 30 kafin a sha. Ga amfanin karatu nan, wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba.

Na biyu, a rufe randa da murfi. A keɓe mata ludayi mai dogon hannu. Kada a sha da shi, a riƙa zubawa a moda. A wanke randa kafin a sake cika ta. Ruwa mai kyau yakan lalace a gida saboda hannun yara.

Na uku, kowane gida ya haƙa masai, ya yi masa murfi. Tsakanin masai da rijiya ya kai mita 30, wato kamar taku 40 na babban mutum. Kashin jariri ma yana da cuta. A zuba shi a masai, kada a watsa a tsakar gida.

Na huɗu, a wanke hannu da sabulu bayan an fito daga masai, da bayan an yi wa yaro tsarki, da kafin girki, da kafin cin abinci. In babu sabulu, a cuɗa da toka. A riƙa zuba wa juna ruwa da buta. Kada mutum goma su tsoma hannu a ƙwarya ɗaya.

Na biyar, jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6. Ba ya bukatar ruwa ko da bazara, domin nono yana da ruwan da zai ishe shi. Uwar ce za ta ƙara shan ruwa.

In Gudawa Ta Riga Ta Kama Yaro

Abin da yake kashe mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Kada a hana shi sha. A karɓo ƙunshin garin gishiri da sukari a ɗakin shan magani, a dama ƙunshi ɗaya a lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce. In babu ƙunshin, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1. A shafe bakin cokalin, kada ya yi tozo, domin gishiri mai yawa yana cutar da yaro. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Abin da ya kwana ya yini, a zubar a haɗa sabo. A ci gaba da ba shi nono da abinci. Ma'aikacin lafiya zai ba da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14.

In idon yaro ya faɗa, ko maɗigarsa ta lotsa, ko ya kasa sha, ko aka ga jini a kashinsa, a kai shi asibiti nan da nan. Haka kuma babban da yake gudawa fara kamar ruwan shinkafa. Kwalara tana iya kashe mutum cikin yini ɗaya. Kada a jira gari ya waye. A tafi ana ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya.

Aikin Gari

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida ɗaya da babu masai yana iya jawo wa unguwa duka ciwo. Mai unguwa ya tara jama'a a yi aikin gayya. A gina wa rijiya baki, a yi mata murfi. A rataye guga da igiya, kada a yar da su a ƙasa. A ware wa dabbobi wurin shan ruwa nesa da rijiya. In akwai rijiyar burtsatse, a naɗa masu kula da ita, a riƙa tara ɗan kuɗin gyara tun kafin ta lalace.

Kafin ruwan farko ya sauka, kowane mai gida ya duba masai, kowace uwar gida ta duba randa. Ɗalibai kuma su karanta wa maƙwabta wannan jawabi. Iyaye da kakanni sun kori kurkunu da ƙyalle da haɗin kai. 'Ya'yansu ma za su iya rage gudawa da murfi da sabulu da masai.

Allah ya ba da lafiya, ya kawo damina mai albarka.