Dogarin da Ya Juya wa Ubangidansa Bindiga



A watan Yuni na 1582, Oda Nobunaga, jarumin da ya kusa haɗa ƙasar Japan ƙarƙashin tuta ɗaya, ya sauka a wani gidan ibada da ake kira Honnoji a birnin Kiyoto, da 'yan dogarawa kaɗan. Ya riga ya tura sarkin yaƙinsa, Akeci Mitsuhide, yamma don ya kai wa wani sarkin yaƙinsa, Hideyoshi, ɗauki. Mitsuhide ya juya linzami da rundunarsa, ya kewaye gidan kafin gari ya waye. Wuta ta tashi, Nobunaga ya mutu a ciki. Ba a cika sati biyu ba Hideyoshi ya dawo ya murƙushe Mitsuhide a Yamazaki. Yau fiye da shekara 400, yaran Japan suna karanta sunansa a makaranta, suna gardama kan dalilinsa.

Nijar na da nata Honnojin, kuma kowa ya san ranar: Juma'a, 9 ga Afrilu 1999. Shugaban ƙasa Janar Ibrahim Ba'are Mainasara ya iso filin jirgin soja na Yamai, ya nufi jirgi mai saukar ungulu, sai harsashi ya same shi daga hannun dogarawan da aka ba amanar tsaron ransa. Shugaban dogarawan, Kwamanda Dauda Malam Wanke, shi ne ya hau kujerar bayan kwana biyu. Firaminista Ibrahim Hasan Mayaki ya shaida wa 'yan ƙasa cewa hatsari ne. Hatsari!

Wasu abokan aiki a fagen tarihi sun daɗe suna cewa a bar kaza cikin gashinta. Hujjarsu biyu ce: Ba'are ma da bindiga ya tuɓe Mahaman Usman a ranar 27 ga Janairu 1996, kuma Wanke ya cika alkawari, ya miƙa mulki ga Tanja Mamadu kafin shekarar ta ƙare. Duka gaskiya ne, amma babu ɗaya da ta wanke jini. Akwai ma masu jawo Kanta na Kabi, wai shi ma ya yi wa ubangidansa Askiya tawaye bayan yaƙin Agadas. Kanta a fili ya ja daga, rana tsaka, kan rabon ganima. Ba shi ke riƙe da ƙofar ɗakin Askiya ba.

Abin da ya fi harbin muni shi ne abin da aka rubuta bayansa. Kundin tsarin mulkin da jama'a suka kaɗa wa ƙuri'a a watan Yuli 1999 ya ɗauko afuwa ga waɗanda suka yi juyin 1996 da na 1999, ya dasa ta a cikin uwar dokokin ƙasa. A duba da kyau. Talaka ya je rumfar zaɓe yana son mulkin farar hula ya dawo, aka ɗaure masa wannan buri da yafe kisan kai a ƙulli ɗaya. In ya ce i, ya yafe jinin da ba shi da ikon yafewa, don a Musulunci magada ne ke da wannan haƙƙi. In ya ce a'a, soja ya ci gaba da zama. Da wannan saɗara aka rufe wa iyalan mamacin ƙofar kotu shekara da shekaru. Wanke ya rasu a 2004 ba tare da alƙali ya yi masa tambaya ko ɗaya ba. Kundin 2010 kuwa ya sake bin sawu, ya yi wa masu juyin 18 ga Fabrairu na shekarar afuwa. Sai da iyalan suka tsallaka zuwa kotun CEDEAO kafin a saurare su, a 2015 ta umarci gwamnati ta biya su diyyar sefa miliyan 435. Kuɗin talaka ne, ba na wanda ya ja kunama ba.

Buƙata uku ce, kuma ba sabuwa ba ce. Kada a sake sa afuwar jini cikin kundin tsarin mulki. A buɗe wa masu bincike na Jami'ar Damagaram takardun shekarar 1999. Sannan malaman tarihi na Gure, tun daga sakandare, ku koya wa yara 9 ga Afrilu da sunanta na gaskiya, kisan gilla.