Gida biyu maganin gobara

Jawabin da aka gabatar a madadin dattawan ƙungiya a taron zagayowar ranar kafuwarta

Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa da suka taso daga Maraɗi da Ƙonni da Damagaram, da na Katsina da Sakkwato da Kano, sannunku da hanya.

Bana kwamiti ya ce kada dattawa su yi maganar haraji ko shingen hanya, an yi ta bara, kuma za a sake yi. Cewa aka yi mu faɗa wa matasa yadda muka tashi. Muka zauna mu goma sha wani abu, kowa ya ba da labarin gidansu, sai muka ga kusan labari ɗaya ne: babu wanda ya girma a gari guda. Wani ubansa Bakatsine, uwarsa 'yar Tibiri. Wani a Illela aka yanke masa cibiya, amma a Ƙonni ya yi wayo, a hannun gwaggonsa. Turawa sun ja layinsu tun kafin a haifi iyayenmu, sai dai layin bai hana kai amarya ba.

Abin da muka fara koya shi ne lissafi da baki biyu. A wancan ɗauki dala ita ce tamma biyar, dala ɗari biyu jikka guda. A wannan ɗauki sule ne da sisi da fam, har 1973 da naira ta shigo, jaka kuma ta zama naira ɗari biyu. Yaro ɗan shekara tara ya san wace jaka ake nufi daga jin harshen mai magana. Wasunmu sun yi boko, wasu lakwal, da yawa allo kawai, amma kowa ya san kwastan da duwan, ya san ranakun kasuwa kamar sunayen ƙannensa: Maraɗi Litinin da Juma'a, Maigatari Alhamis, Illela Lahadi.

A yau idan ana labarin attajiri sai a ce ubansa ne ya ba shi jari. Mu da muka bincika kanmu, yawancinmu jarin farko daga ɗakin uwa ya fito. Akuya ce aka sayar, ko kwasar adashi, ko ribar man gyaɗa da ƙuliƙuli da ta tara a cikin kwalla ƙarƙashin gado. Ba ta taɓa zuwa bakin iyaka da kaya ba, amma ta san farashin gyaɗa a garuruwa uku, domin kowane baƙon maigida a tukunyarta yake ci, kuma yaran da ke kai akushi suna dawo mata da labari. Hajiyoyin da ke zaune nan da shagunansu a hannun irin waɗannan iyaye suka koya. Ya kamata a riƙa faɗar wannan a bainar jama'a.

Uba kuwa abin da ya fi ba mu shi ne mutane. Ya kan ɗauki ɗansa ya kai shi gidan fatomansa a wani gari, ya ce ga ɗanka nan, ya juya. Can za ka yi shara, ka ɗauki buhu, ka kwana a zaure da baƙi, ka ga yadda ake karɓar ajiyar mutum a riƙe shekara ba a taɓa ƙullin ba. Ba sabon abu ba ne. Tun zamanin da madugu ke jan ayari zuwa Gwanja sayen goro haka ake yi. Alhassan Ɗantata ma, wanda aka haifa a Bebeji ya rasu a 1955, mahaifinsa ya rasu yana yaro, wata tsohuwa mai suna Tata ce ta rene shi, har sunanta ya bi zuriyarsa. Riƙo bai rage shi da komai ba.

Amfanin wannan tarbiyya sai ranar wuya ake ganinsa. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Najeriya ta canja kuɗi ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai 1986, ga kuma fari. Mutanen Nijar har suna suka sa wa yunwar shekarar, El-Buhari. Akwai iyayenmu da suka wayi gari da tsofaffin takardun naira a akwati sun zama takardar tsire. Waɗanda suka miƙe bayan haka, abokan huldarsu na ƙetare ne suka ba su kaya bashi ba takarda ba shaida, saboda ɗan wannan ya tashi a gidan wancan. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, sai wahalar ta juya, masu ba da bashi jiya suka zama masu karɓa. Rufewar 2019 da ta 2023 kuwa ba sai mun ba ku labari ba, kun ga motocin albasa da suka ruɓe a layi da idonku.

To ga abin da ke damunmu. 'Ya'yanmu sun fi mu ilimi, sun fi mu saurin ciniki. Ta waya suke ganin kaya, ta waya suke tura kuɗi. Amma ka tambayi yaro wa zai sauke shi a Maraɗi idan dare ya yi masa, sai ya ce otal. Abokin cinikinsa lamba ce a WhatsApp, bai san ƙofar gidansa ba, bai taɓa gaida mahaifiyarsa ba. Ran da aka sake rufe iyaka, kuma mun ga an rufe sau uku a rayuwarmu, lamba ba za ta ba shi buhu ɗari bashi ba. Ga shi tun Janairun 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS, ba wanda ya isa ya ce ga yadda dokar shige da fice za ta kasance nan da shekara biyar.

Mun san abin da za a ce. Hanyar Jibiya ba kamar da ba ce, kuma ba uwar da za ta so ɗanta ya yi nisa a wannan zamani. Gaskiya ne. Ba kuma cewa muke a cire yaro daga makaranta a tura shi yawo ba. Shawararmu ƙarama ce: a lokacin dogon hutu, ɗan ƙungiya ya karɓi ɗan ɗan'uwansa na ƙetare wata guda, ya zauna a shago, ya ci abin da 'ya'yan gida ke ci. 'Yan mata su sauka wurin hajiyoyi. Babba ne zai kai yaro da kansa, da rana, da takardunsa cikakku, babba kuma ya dawo da shi.

Mu dattawa mun fara da kanmu, kowannenmu ya yarda zai karɓi yaro biyu a hutu mai zuwa. Magatakarda na bakin ƙofa da littafi. Duk mai son karɓa ko mai son turawa ya rubuta sunansa da garinsa da shekarun yaron kafin a tashi cin abinci, domin a haɗa gidajen tun yau iyaye na ganin juna.

Allah ya maida kowa gidansa lafiya.