Idan Jari Ya Karye a Hannun Matashi

Jawabi ga matasa masu sana'a da shugabannin ƙungiyoyinsu na yankin Gwarzo da Kabo

 

Batun da aka ba mu shi ne kuskure a cikin kasuwanci, da yadda matashi zai koyi wani abu daga cikinsa. Bari mu fara da faɗin wane matashi muke nufi. Muna nufin wanda aka naɗa shugaban ƙungiyar gama kai yana da shekara 25, ko wanda aka buɗe wa shago a bakin tasha, ko mai sana'ar POS da yara biyu a ƙarƙashinsa, ko wanda ya kama lambu a gefen dam ɗin Guzu-Guzu ya ɗauki 'yan ƙwadago. Kusan dukansu, in ka bincika asalin jarinsu, za ka tarar kwasar adashin mahaifiya ce, ko sa aka sayar, ko kuwa rance ne daga asusun zumuntar mata. Mu a wannan yanki ba mu da yawa, ba mu kuma da attajiran da za su sake ɗaga mutum sau biyu sau uku. Saboda haka in jari ya karye a hannun yaro ɗaya, gidaje biyar ne suke kwana da zafin abin, wani lokaci har gaisuwa ta yanke tsakanin mutanen da suke zama benci ɗaya ran Lahadi.

Za mu soma da manya, domin kada wani ya ɗauka ƙaramin jari ne kaɗai yake tuntuɓe. Da yawanku kun san Kadawa, can wajen Kura, inda ruwan dam ɗin Tiga yake shayar da gonakin rani. A nan ne marigayi Sani Dangote, ƙanen Alhaji Aliko, ya gina masana'antar sarrafa tumatir wadda aka shirya ta ci tan 1,200 na tumatir kowace rana. Tunanin yana da kyau. Kowa ya ga yadda tumatir yake ruɓewa a bakin titi lokacin da ya yi yawa, alhali ƙasar tana sayo na gwangwani daga waje. An buɗe ta a shekarar 2016. A wannan shekarar ce tsutsar nan da manoma suka sa wa suna Sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Ba a yi nisa ba injinan Kadawa suka tsaya, don babu abin da za a zuba musu.

To, da tsutsa ce kaɗai matsalar, da bayan ta wuce komai ya daidaita. Amma ba haka aka yi ba. Masana'antar ta daɗe a rufe, aka sake buɗe ta a 2019, ta kuma sake tsayawa. Dalilin da ya fito fili shi ne tumatir ɗinmu na wata kaɗan ne a shekara, amfanin da kadada take bayarwa kaɗan ne, kuma manomi in ya ga kwando ya yi tsada a kasuwa ba zai kai wa kamfani a farashin da aka yi alkawari ba. Wato an gina bakin da zai ci, ba a tabbatar da hannun da zai kawo abincin ba. Abin da ya sa muka kawo muku wannan labari shi ne matakin da suka ɗauka bayan haka: sun koma can tushe, suka kafa wurin rainon dashe na ingantaccen iri a Kadawa domin rarraba wa manoma. Ba mu ce hakan ya warware komai ba, domin a 2021 ma masana'antar ba ta samun ko rabin abin da take bukata. Amma sun iya rarrabe abu biyu, abin da ya faɗo musu daga sama da abin da su da kansu ba su lissafa ba.

Wannan rarrabewar ita ce ta fi yi wa matasanmu wuya. Ka tambayi yaro me ya cinye jarinsa, sai ya ce kasuwa ce ta yi halinta, ko gwamnati ce, ko kuwa an sa masa hannu. Wani lokaci gaskiya ya faɗa. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ba laifin kowane mai shago ba ne, haka nan cire tallafin man fetur a watan Mayu na wannan shekarar, wanda ya sa kuɗin mota daga Gwarzo zuwa Kano ya yi tashin gwauron zabi. Sai dai abu ɗaya ya sami mutum goma, bakwai suka tsaya da ƙafafunsu, uku suka faɗi. Tambayar da za ta amfane ka ita ce, me bakwai ɗin nan suka yi wanda ni ban yi ba?

Mu zo gida, ga batun hatsi. Tun muna yara mun san ƙa'idar: a saya da kaka, a ajiye, a sayar da bazara ko tsakiyar damina. A 2023 zuwa 2024 duk wanda ya ajiye masara ko dawa ya sami riba mai kauri, labari kuwa ya bazu. Da kakar 2024 ta zo, matasa da yawa suka kwashe duk abin da suke da shi, wasu suka ƙara da rance, suka cika sito. Ba su kula ba cewa tun watan Yuli na 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, kuma manoma ko'ina sun faɗaɗa gonakinsu saboda tsadar bara. Da aka shiga 2025 farashi bai hau ba, sauka ya yi ta yi, daga Dawanau har kasuwannin ƙauyukanmu.

Bari mu yi lissafi na misali. A ce ƙungiya ta sayi buhu 20 a kan Naira 60,000 kowanne, Naira 1,200,000 ke nan. Kuɗin mota da na 'yan dako 40,000. Buhuna da maganin ƙwari da hayar sito 60,000. To, kowane buhu ya tsaya mata a 65,000, ba 60,000 ba, kuma shugabanni da yawa ba su taɓa yin wannan ɗan lissafi ba. Farashi ya sauko 55,000, shugaba ya ce ba zai sayar da faɗuwa ba, a jira. Ya sauko 48,000, ya ce ai yanzu ma ba a magana. A ƙarshe masu rance suka matsa, aka sayar a 40,000. Asarar da za ta tsaya a 200,000 ta zama 500,000. Kuskuren farko shi ne zuba jari duka a kaya iri ɗaya bisa labarin bara. Na biyu ya fi shi tsada, shi ne jira, kuma in mun faɗi gaskiya ba lissafi ne ya sa shi jira ba, kunyar fuskantar mutane ce.

Ga wata ɓaraka kuma da ba ta da ƙara, sai dai a wayi gari a ga shago ya zama kanta babu kaya. Mai shago yana ɗibar na cefane daga aljihun ciniki, ya sa kati a waya, ya ba da gudummawar biki, duk ba a rubuta ba. Yana ganin kuɗi suna shiga, yana tsammanin riba yake ci, ashe uwar kuɗi yake ci. Wanda ba ya rubutu ba zai iya koyon komai daga faɗuwarsa ba, domin bai ma san inda ya faɗi ba. Littafin makaranta mai shafi 60 ya isa: abin da ya shigo, abin da ya fita, wanda ya karɓi bashi da ranar da ya karɓa. Ka yanka wa kanka albashi, ka tsaya a kansa.

A nan, iyayenmu dattawa, ku yi mana haƙuri, za mu ɗan taɓa ku. In aka buɗe littattafan bashin yaran nan, sunayen da suka fi daɗewa a ciki namu ne. Muna karɓar sukari da taki da sunan ɗanmu ne, shi kuwa ba zai iya tsayawa a ƙofar gidan dattijo yana tambayar kuɗinsa ba. Sa'an nan in shagon ya rufe mu ne na farkon cewa yaran zamani ba su iya riƙe abu ba.

Yanzu ga abin da ya kamata shugaba ya yi in asara ta riga ta auku. Ya kira masu kuɗin da wuri, ya buɗe littafi a gabansu, ya faɗi adadin yadda yake ba ragi. Kada ya ci sabon bashi don ya rufe tsoho a ɓoye. Kada kuma ya ruga wurin masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya don ya mayar da abin da ya ɓata kafin a gane. Waɗanda suka shiga MMM a 2016 da waɗanda suka shiga CBEX a 2025 suna nan da rai, a tambaye su. Alhaji Aliko Dangote, wanda ya soma kasuwanci a 1977 yana da shekara 20 da rance daga dangin mahaifiyarsa, ya faɗa da bakinsa cewa harkar masaƙa ta kayar da shi, yadin waje mai araha ya sa dole ya rufe masaƙunsa na Kano da Legas. Ya ce sai da ya sayar da bankinsa, Liberty Merchant Bank, kusan duk kuɗin kuma suka tafi wajen biyan ma'aikata haƙƙinsu. Ya rasa masaƙa, ya rasa banki, amma ya fita ba wanda yake binsa guminsa. Gare mu wannan ya fi nauyi, domin a kasuwar Gwarzo ko ta Kabo, in ɗayanmu ya gudu da kuɗin mutane, ba sunansa kaɗai ake kira ba.

Ku kuma masu kuɗin, in yaro ya zo da ƙafarsa ya faɗi gaskiya, kada a mai da zaman ya zama kotu. In aka tozarta na farko a gaban jama'a, na biyu zai ɓoye tasa asarar har ta ruɓe. A zauna da shi da mutum biyu ko uku da suka san kasuwa, a bi littafin layi-layi, a ware abin da ya fi ƙarfinsa da abin da sakacinsa ne, a tsara yadda zai biya a hankali. In an ga ba ha'inci a ciki, a sake ba shi, amma kaɗan, a kuma haɗa shi da wani tsohon ɗan kasuwa da zai riƙa duba littafinsa. Wanda ya ci amana da gangan kuwa, wannan wata magana ce daban, dattawa sun san hanyarta.

Muna roƙon kowace ƙungiya da ta zo nan ta sa ranar buɗe littafi sau ɗaya a wata, ma'aji da magatakarda da mutum ɗaya wanda ba ya cikin shugabanni su ƙirga kuɗi da kaya tare, su sa hannu. Waɗanda suke da hatsi a sito yanzu, ku tsaya bayan an tashi, mu fitar da abin da kowane buhu ya tsaya muku kafin ku kama hanya.