Jawabi Kafin Gasar Ƙwallon Ƙauyuka



Damina ta wuce, samarinmu za su fara gasar ƙwallo tsakanin ƙauyuka. Saboda haka ina so mu tuna da abin da ya faru a ƙasar Gana.

Ranar 9 ga Mayu, 2001, Hearts of Oak ta Akra ta kara da Asante Kotoko ta Kumasi. Magoya bayansu ba sa ga maciji da juna. Dab da tashi Hearts ta ci 2-1. Waɗansu 'yan kallo suka fusata, suka yi ta jifa da kujeru da kwalabe. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga, suka tarar da ƙofofi a kulle. Mutum 126 suka mutu a turmutsitsin. Shugaba John Kufuor ya sa ƙasar ta yi makoki na kwana uku.

Bayan wannan, idan ranar ta zagayo, magoya bayan ƙungiyoyin biyu sukan taru, Kirista da Musulmi, su yi addu'a, a kai wa gwauraye da marayu gudummawa. A bakin filin an kafa mutum-mutumin wani yana ɗauke da ɗan'uwansa.

'Yan'uwa, kada mu jira sai an haƙa kabari kafin mu haɗa kai. Ranar wasa, dattawan ƙauyukan biyu su zauna wuri ɗaya. Masu masauki su ba baƙi ruwa. Abin da alƙalin wasa ya yanke, a karɓa da haƙuri.

Ubangiji ya ba mu salama. Amin.